Katifar Aro da Keken Maliki

Takardar ta iso ne ranar Alhamis bayan la'asar, Zuwaira tana tsugune a bakin famfo tana wanke zanen gado. Malam Datti, mai gidan da suke haya a Kurmin Mashi, shi ya shigo da ita. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma duk wasiƙun 'yan haya ta hannunsa suke biyowa. Ya tsaya a ƙofar ɗakinsu ya yi sallama, ya gyara tabarau.

"Malam Maliki, daga asibiti ne. Sun ce ranar Talata da ƙarfe goma mutum biyu za su zo. Za su auna tsayin kekenka daga ƙasa, su auna gadonka, su kuma ga yadda kake tashi daga wannan ka koma wancan. Wai bincike suke yi, gida-gida suke bi."

"To, Allah ya kawo su lafiya," in ji Maliki daga ciki.

Zuwaira tana jin su daga bakin famfo. Sabulun ya suɓuce mata ya bi lambatu, tana kallonsa, ta kasa miƙa hannu.

Mijinta direban babbar mota ne, Bakatsine. Bara da damina motarsa ta kife kusa da Katabu, ƙashin bayansa ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba. Ya yi wata biyar a asibiti. Da aka sallame shi babu keken guragu, sai aka ce ya jira. Wata huɗu ya yi a kwance a ɗakin nan, kuma waɗannan watanni su ne Zuwaira ba ta son tunawa. Mutumin da a da in yana ba da labari har maƙwabta ke leƙowa, sai ya juya fuska bango. In ta kawo tuwo ya ce ta ajiye. In ta kunna rediyo ya ce ta kashe. Gyambo ya fito masa a gadon baya, tana wankewa tana kuka ba tare da ta bari ya ji ba. Wata rana da azahar ya ce mata, ba tare da ya juyo ba, "Zuwaira, ki koma gidanku. Ni na gama."

Sai keken ya zo. Na aro ne daga asibiti, da lamba a bayansa an rubuta da farin fenti, kuma sai da Maliki ya sa hannu a takarda cewa zai kula da kayan gwamnati. Amma shiga cikinsa ya zama aiki. Hannuwan keken biyu a ɗaure suke da noti, dole sai an cicciɓi mutum an tsallake da shi. Zuwaira ƙaramar mace ce. Sau biyu suna faɗuwa tare. A na biyun Maliki ya daɗe yana kallon keken daga inda yake kwance a ƙasa, sannan ya ce ta miƙo masa sifanar kwance noti daga akwatinsa.

Ya kwance hannun dama na keken. Ya sa wani abokinsa direba ya kawo masa guntun katako daga jikin tsohuwar mota, ya goge shi da sanfefa, ya murza masa kyandir har ya yi santsi. In ya ja keken jikin gado ya danne birki, sai ya ɗora katakon, baki ɗaya a gado baki ɗaya a keke, ya zame a kai da ƙarfin hannunsa.

"Haka muke sauke durom daga mota," ya ce ranar farko, yana haki yana dariya. Ran nan ta fara jin dariyarsa tun bayan hatsarin.

Tun daga lokacin yake fita ƙofar gida da kansa. Yana zuwa masallaci, yana zama ƙarƙashin dalbejiya yana musu da direbobi a kan wace hanya ta fi muni. Gyambon ya warke.

Ladidi, matar mai tallar yadi da ke ɗakin kusa da nasu, ita ta ƙara wa Zuwaira tsoro. Da safen Juma'a ta same ta a madafa.

"Ke Zuwai, na ji wai masu awo za su zo muku? Innalillahi. Kin san Gambo na Abakpa, tsohon sojan nan, mijin ƙanwar babata? Haka suka je masa da tef ɗinsu. Suka auna nan, suka auna can, suka yi rubuce-rubuce, suka naɗe keken suka jefa a mota. Yau wata uku ke nan. Yana nan a kwance kamar buhun gero."

"Me ya yi musu?" in ji Zuwaira.

"Wa ya sani? Shi da bai taɓa ko kusa ɗaya ba ma ke nan. Ku fa? Kun kwance wa keken gwamnati hannu! Ga wani katako kamar na mahauta. Ga katifarku ta audugar rimi ta lafe kamar waina. Su shigo su ga haka, su ce ba ku san darajar kaya ba."

"To ya zan yi, Yaya Ladidi?"

"Abin da kowa ke yi in zai yi baƙi. Ki gyara ɗaki. A mayar da hannun nan, a ɓoye katakon. Zan ba ki katifata ta soso ki ɗora a sama, da zanen gadona mai aiki. In sun tafi kya dawo mini da su."

Kwana huɗu Zuwaira tana yawo da abin a ciki. Ta ƙona miya sau biyu. Duk motar da ta tsaya a waje sai ta tashi ta leƙa. Da ta gaya wa Maliki shawarar Ladidi, dariya ya yi.

"Ladidi ta zama likita ke nan? Su zo su ga yadda nake yi mana. Sata na yi?"

"Maigida, ka sa hannu a takarda."

"Na sa."

"In suka tafi da shi fa?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ga yadda kofin da ke hannunta yake rawa har ruwa na zuba. Ya kalli bangon nan da ya yi wata huɗu yana kallo, ya ɗauke ido da sauri.

"To," ya ce. "Yi yadda kika gani."

Ranar Talata da sassafe Maliki ya zame kan katakonsa ya shiga keke kamar kullum. Yana zaune a ciki ya mayar da hannun daman, ya ɗaure notin biyu tamau. Zuwaira ta kai katakon bayan durom ɗin ruwa ta rufe shi da buhu, ta soke sifanar a ƙugun zaninta saboda ta rasa inda za ta sa ta. Ita da Ladidi suka kinkimo katifar soso suka ɗora a kan tasu, suka shimfiɗa zane mai furanni, suka jera matasan kai. Ladidi ta ja da baya ta riƙe ƙugu.

"Kin gani? Kamar ɗakin matar babban sakatare."

Ɗakin ya yi kyau ƙwarai. Babu wanda ya yi tunanin a ce Maliki ya gwada hawa gadon.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mace ce ta fara shigowa, dattijuwa, cikin fararen kayan asibiti da mayafi a kafaɗa, ta ce sunanta Sista Asma'u. A bayanta wani siririn mutum, Malam Ja'afaru, riƙe da tef na ƙarfe irin na kafintoci da allon rubutu. Zuwaira ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe su, ta koma kusurwa ta ja mayafi har goshi. Ita ko a gaban surukarta ba ta iya haɗa magana uku, balle ma'aikatan gwamnati.

"Malam Maliki, ka yi ƙiba," in ji Sista. "Amarya na kula da kai."

"Tana ƙoƙari, Sista. Ni ne dai ba na jin magana."

"Wannan tun a asibiti mun sani. Zauna daidai, ka jingina. Kana ciki za mu auna, don in mutum ya zauna mazaunin yana lotsawa."

Malam Ja'afaru ya durƙusa. Ya kafa bakin tef a siminti, ya ja shi sama zuwa gaban mazaunin. Ƙarar tef ɗin ta ratsa Zuwaira har cikin haƙori. Idonta na kan notin nan biyu. Sun fi sauran haske, sifana ta goge musu tsatsa. Tana gani kamar suna kiran mutane.

"Inci sha tara da rabi," ya ce. Ya zagaya ɗaya gefen, kansa dab da notin. "Nan ma sha tara da rabi."

Bai lura ba. Zuwaira ta sauke ajiyar zuciya a hankali.

Ya juya ga gado. Ya auna, ya danna katifar da tafin hannu, ya sake aunawa.

"Ashirin da shida. In an danna, ashirin da biyar."

Sista ta ɗago kai daga takardarta. Ta kalli gadon, ta kalli keken.

"Inci biyar da rabi tsakani, ga hannun keke a hanya. Malam, yaya kake hawa gadon nan?"

"Haka nan dai, Sista. Da ikon Allah."

"Wa ke ɗaga ka?"

"Ni nake yi da kaina."

"To nuna mana. Abin da ya kawo mu ke nan."

Maliki ya kalli Zuwaira sau ɗaya. A lokacin ne ta ga gadon da idon gaskiya. Ya yi masa tsayi kamar katanga. Ta so ta ce a dakata, amma Maliki ya riga ya motsa.

Ya ja keken jikin gado ya danne birki. Ya kama ƙarfen kan gadon da hannun dama, ya dafa hannun keke da hagu, ya ce bismillahi, ya ɗaga jikinsa. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ya tashi, ya ƙara tashi, ƙugunsa ya kai saman hannun keken ya maƙale a nan. Ya saki ƙarfe ya cafki katifa, sosan ya nutse da hannunsa, zanen Ladidi mai santsi ya biyo shi. Keken ya ja baya kaɗan. Zuwaira ta ga mijinta yana tafiya ƙasa tsakanin gado da keke, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa, shi kuwa bai ma sani ba.

Zuwaira ta yi ƙara. Malam Ja'afaru ya yar da tef ya rungume shi ta hammata, Sista ta zaro ƙafar da hannu biyu. Da ƙyar suka mayar da shi cikin keken. Gumi ya jiƙa rigarsa ta Juma'a.

Sista ta durƙusa ta bi ƙafar da yatsu tun daga gwiwa har idon sawu. Ta ɗaga rigar ta duba ƙugunsa, inda ƙarfen ya kuje fata.

"Ba ta karye ba, Allah ya tsare. Amma kujewar nan a jikinka ba wasa ba ce, ka fi ni sani." Ta miƙe, fuskarta babu sauran raha. "Kullum haka kake yi? Wata rana sai ka karya wuya. Malam Ja'afaru, rubuta. Keken bai dace da gadon ba. A kai shi wurin gyara a ɗaga mazaunin inci biyar."

"Yaushe?" in ji Maliki.

"Yanzu. Mota na waje."

"Kwana nawa zai yi?"

Malam Ja'afaru ya sosa ƙeya. "Gaskiya, mai waldan namu ɗaya ne. Kekunan da ke layi sun fi ashirin. Wata biyu, ko uku."

Maliki bai yi musu ba. Bai roƙa ba. Ya sauke hannuwansa a cinya, ya juya kansa a hankali ya fuskanci bango.

Zuwaira ta san wannan juyawar. Ta ga wata uku na tuwo yana sandarewa a kwano, ta ji warin gyambo. Sai wani tunanin ya biyo baya, wanda ya fi na farko muni: in an dawo da keken an ɗaga shi, katifar Ladidi ta koma ɗakin Ladidi, keken zai fi gadonsu tsayi har abada. Katakon ba zai sake zama daidai ba. Kuma ita ta jawo, da hannunta ta kinkimo katifar.

"Kama mini mu ɗora shi a gado," in ji Malam Ja'afaru, ya kai hannu ga keken.

Bai iya motsa shi ba. Zuwaira tana tsaye a baya, ta damƙe mariƙan biyu. Ita kanta ba ta san lokacin da ta taso ba.

"Amarya, saki mana," in ji Sista.

Zuwaira ta girgiza kai.

"Mene ne? Yi magana, 'yata."

Zuwaira ta ƙara damƙe mariƙan. Ta amsa, idonta a ƙasa.

"Katifar... ba tamu ba ce."

"Na'am?"

"Aro ce. Saboda ku."

Ta saki keken kafin ƙarfin halinta ya ƙare. Ta yaye zanen mai furanni, matasan kai suka zube. Ta ja katifar soso ta jingine ta a bango, tasu ta rimi ta bayyana, da facinta biyu da tabon man zafi. Ta fita da gudu ta wuce Ladidi da ke laɓe a bakin ƙofa, ta dawo rungume da katakon. Sannan ta zaro sifanar daga ƙugunta ta miƙa wa mijinta da hannu biyu.

Maliki ya juyo daga bango. Ya kalli sifanar, ya kalli baƙin.

"Zuwaira, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Ka nuna musu, Maigida."

A gaban ma'aikatan gwamnati biyu ya ɗora sifana a kan kayan gwamnati. Babu mai magana, sai ƙarar ƙarfe. Noti na farko ya faɗo a tafin Zuwaira, na biyu ya biyo. Ya zare hannun keken ya ajiye a ƙasa. Zuwaira tana jiran tsawa, ta runtse ido.

Da ta buɗe, ya riga ya ɗora katakon. Ya dafa, ya zame, ya dafa, ya zame, sai ga shi zaune a bakin gado. Ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu ya jera su. Bai huta ba ya sauke su, ya sake zamowa cikin keken, ya zare katakon ya ɗora a cinya.

Sista Asma'u ta kalli katakon, ta juya ga Malam Ja'afaru.

"Sake auna gadon," ta ce.

"Sha tara," in ji Malam Ja'afaru.

"Auna katakon ma. Tsawo, faɗi, kauri. Malam, me ka shafa masa?"

"Kyandir, Sista."

"Kyandir." Ta rubuta. Ta ja dogon layi a kan abin da aka rubuta da farko. Sai alƙalamin ya tsaya a hannunta. Ta juya ta kalli katifar soso da ke jingine a bango, ta daɗe tana kallo.

"Malam Ja'afaru, gida nawa muka auna zuwa yau?"

"Talatin da ɗaya."

"A cikinsu gida nawa muka tarar da gado a gyare haka, da sabon zane?"

Ya shiga jujjuya takardun da ke allonsa.

"Sojan nan na Abakpa," ya ce a hankali, "nasa ashirin da bakwai muka samu."

Daga bakin ƙofa aka ji Ladidi ta ce, "La'ilaha illallahu," aka ji takunta ta bar wurin.

Zuwaira ta matso kusa. "Sista, za a hukunta shi? Saboda hannun?"

"Dole in rubuta cewa an cire, ba zan yi ƙarya a takarda ba. Abin da babban likita zai ce, ban sani ba. Zan gaya masa abin da idona ya gani." Ta rufe alƙalamin. "Amma keken nan ba ya fita daga ɗakin nan yau. Ki adana notin da hannun, kada su ɓata. Kujewar nan kuma ki wanke da ruwan gishiri safe da yamma, in ta yi ja ki kawo shi. Kuma don Allah, in mun sake zuwa, kada a gyara mana komai."

Maliki ya raka su har ƙofar gida a kekensa mai hannu ɗaya. Zuwaira ta tsaya a zaure tana leƙe. Ta ji Sista tana gaya wa direba ya fasa komawa asibiti, ya bi ta Abakpa tukuna.

Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gadonsu. Notin biyu suna nan a tafinta. Ta ƙulle su a bakin mayafi, ta yi ƙulli biyu, ta ƙara na uku. Daga waje ta jiyo muryar Maliki ƙarƙashin dalbejiya, ya fara ba direbobi labari, yana cewa ai inci goma ne tsakani.